Shekarar da Ruwa Ya Kai Kabarin Babanku

Rifkatu ce ta sayo mini wannan littafin rubutu, ta ce in zuba duk abin da nake tunawa tun idona bai gama dushewa ba. Na rubuta muku labarin kufai, na rubuta na aurena, duk ban sha wuya ba. Wannan babin kuwa sau uku ina fara shi ina yage takardar. Kun san da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, Iliya yana goye a bayana, don haka ku yi haƙuri da hannuna. Abin da nake so in gyara shi ne maganar da ke yawo a tsakaninku game da tafiyar yayanku. Wasunku suna cewa ni na kai ƙararsa wurin dattawan ikilisiya. Wasunku kuma, don su kare ni, suna cewa ba ruwana, matar fasto ce ta haɗa komai. Duk biyun ba haka aka yi ba. Zan faɗa muku inda nake da laifi da inda ba ni da shi, ku kuma ku auna da kanku.

Ni da babanku duk a gidan Maguzawa aka haife mu, a kufan da yanzu ya zama gona. Muna sabon aure aka zo da manyan motoci aka haƙa kanal na ban ruwa, aka ce kowa ya tashi ya koma tudu. A tudun nan ne zuri'armu ta rabu gida biyu. Babanku ya karɓi bishara, ni ma na bi shi, ƙanena Sale kuma ya musulunta. Rabuwar ba ta hana cin tuwo ba. Duk ranar kasuwar Bunkure kawunku Sale sai ya biyo ta gidanmu, kuma da yake ƙanen mata abokin wasa ne, ba ya zama sai ya tsokani babanku. In lokacin Ista ya kusa, tsokanar ɗaya ce kullum.

"Tsohon Bamaguje, bana ma za ku yi makokin wanda ba a kashe ba? Allah ya ɗauke Annabi Isa da ransa. Wani aka sa wa kamanninsa aka gicciye."

"To, malamin jiya, shi wanda aka sa wa kamannin ba shi da uwa ne? Ita ba ta yi kuka ba? Sa hannu, miya tana hucewa."

Haka suke yi shekara da shekaru. Ban taɓa ganin ɗaya ya kayar da ɗaya ba, ban kuma taɓa ganin an tashi da tuwo a kwano ba. Yayanku yana ƙarami yake zama gefe yana jin su, kuma ina jin tun a nan ya koyi son tambaya.

Dole in yi muku bayanin tsakanina da shi, domin ku 'yan baya ba ku tashi da wannan ba sosai. Shi ne ɗan farina. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Tun yaye kakarku ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In ya faɗi ya fasa gwiwa ina gani, sai in kau da kai in jira wata ta ɗaga shi. Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka uwata ta yi da nata. Har ya yi gemu ban taɓa zama da shi mun yi hira mai tsawo ba. Da ikilisiya ta tura shi makarantar koyon aikin bishara a Jos, sai na sami sauƙi, na riƙa ce masa Malam kamar yadda kowa ke faɗa.

Yana shekararsa ta biyu a can babanku ya kwanta. Ciwon ya cinye shi har ya koma kamar kara. Kafin ya cika ya roƙi abu ɗaya, a kai shi kufai a sa shi kusa da ubansa, gindin tsamiyar nan. Yayanku ne ya yi masa wanka, shi ya shiga rami ya karɓe shi. A lokacin wurin busasshe ne. Alkama da tumatir ake yi kewaye da shi, su kuwa ba sa son ruwa ya kwana. Amma cikin shekara biyu maƙwabtan gona duk suka koma shinkafa, rani da damina, ita kuma sai ta tsaya cikin ruwa. Ruwan ya riƙa tsatsowa ta ƙarƙashin ƙasa. Wata safiya na je ɗebo tsamiya, na tarar kabarin ya lotsa daga wajen ƙafa, ruwa ya taru a ciki har da 'yan kwaɗi. Na tsuguna na riƙa kwarfewa da ƙoƙo, ina kwarfewa yana dawowa. Tun daga ranar na ƙudura a raina sai an ɗauke shi an mai da shi maƙabartar ikilisiya da ke kan tudu. Amma mace ba ta sa a tone kabari. Sai babban ɗa ya ce a yi.

A ranin nan yayanku ya gama karatu ya dawo. Garin nan ya yi murna da shi. Shi ne na farko daga cikinmu da ya yi wannan karatu, fasto kuma ya sanar cewa shi zai yi wa'azin ranar Ista. Tsofaffi suna tare ni a hanya suna yi mini barka, ni kuma ina sunkuyar da kai kamar ba da ni suke ba. Na yi kwana da kwanaki ina neman yadda zan yi masa maganar kabarin. Ranar da na samu, yana gona yana jan ruwa wa dashen shinkafa, na ɗauki abincinsa da kaina maimakon in aika. Ya yi mamakin ganina. Muka zauna a bakin ƙaramin kanal, shi yana kallon gabas, ni ina kallon ƙafafuna. Na faɗa masa abin da na gani da abin da nake so.

Ya gama saurarena. Sannan ya ce:

"Inna, Baba ba ya cikin ramin nan. A bar ƙashinsa ya huta inda ya zaɓa."

"Na san ransa yana wurin Ubangiji, Malam. Amma ranar tashi fa? Da me zai tashi, in ruwa ya narkar da shi ya bi kanal?"

Ya ajiye cokali. Ya ce akwai abin da yake ɗauke da shi shekara biyu bai faɗa wa kowa ba, kuma bai san dalilin da ya sa ni zai fara faɗa wa ba. A makaranta, in ji shi, an ba su wasu littattafai su karanta, na mutanen da suka fassara mutuwar Yesu da tashinsa ta wata hanya dabam. An ba su ne don su koyi yadda za su rushe su. Ya ce akwai masu cewa bai mutu a kan gicciye ba, suma ya yi, sanyin kogon da aka sa shi ya farfaɗo da shi.

Na yi dariya ban shirya ba.

"Mutumin da aka yi wa bulala, aka kafa wa ƙusa hannu da ƙafa, shi zai farfaɗo ya ture dutse? Babanku ƙusa ɗaya ya taka a injin casa, mako biyu bai je gona ba."

Shi ma ya yi dariya, ya ce wannan ko shi bai ɗauke ta da nauyi ba. Ta Kawu Sale kuwa ya ce ai na riga shi saninta, kuma bai yarda da ita ba, domin a ganinsa in ba a sha wuyar gicciye ba, to babu abin da ya rage. Ina jin haka hankalina ya kwanta. Ashe da saura.

"Akwai ta uku, Inna. Ita ce ta kama ni. Suna cewa ya mutu da gaske, ya kuma tashi da gaske, amma ba da wannan naman ba. Jikin ya zauna inda aka ajiye shi. Allah ya karɓe shi cikin wata irin rayuwa, almajiransa suka gan shi, ganin da ya fi na ido. Abin da suka gani ne ya fitar da su daga ɓuya."

"Kabarin fa? Matan da suka yi sammako ba su tarar da shi wayam ba?"

"Haka aka rubuta. Ni dai ban sani ba. Na yi addu'a, na yi azumi, ban sani ba. Ba na cewa Yesu matacce ne, Inna, kada ki ji ni a karkace. Da shi nake magana kullum. Amma ni na wanke Baba. Na ga abin da ciwo ya bari. Ba na so ya tashi da wannan."

'Ya'yana, da wani ne ya faɗa mini haka da na yi masa addu'a na wuce. Amma ni wannan jikin nake so. Ina son kaushin dugadugan nan da na shekara talatin ina shafa wa man kaɗanya. Ina son wushiryarsa, da ɗan yatsan da lauje ya karkatar. Tun ranar da aka binne shi abin da ke riƙe da ni ke nan, cewa wata rana zan gan shi in gane shi daga nesa da tafiyarsa. In an ce mini zai tashi kamar haske ko kamar iska, ta ina zan kama hannunsa? Ban faɗa wa yayanku ko ɗaya daga cikin wannan ba. Uwa ba ta yi wa ɗan fari irin wannan magana a kan ubansa. Na tattara kwanuka na ce rana ta yi, shinkafar da na jiƙa tana jirana.

Ina tashi ya ce, "Tsakaninmu ne, Inna."

Na ce, "To."

Wannan ita ce hira mafi tsawo da na taɓa yi da shi a duniya.

Kwana huɗu maganar tana cina. Ina turara shinkafar mutane, sana'ar da na ciyar da ku da ita, sai da na ƙona rabin buhu don hankalina ba ya wurin wuta. Ranar Alhamis na je zumuntar mata. Bayan waƙa aka ce mai roƙon addu'a ta faɗa. Wallahi, in Kirista na iya cewa wallahi, ban je da niyyar tona shi ba. Na yi tunanin in ban ambaci suna ba na riƙe amana. Na miƙe na ce a taya ni addu'a, akwai wani wanda shakka ta shiga zuciyarsa game da tashin Ubangiji da jiki. Ina faɗa na ja mayafi na rufe gefen fuskata na sunkuyar da kai, ban ma san na yi ba. Da Iliya ne da na ce Iliya. Da baƙo ne da na ce wane ɗan gidan wane. Mutum ɗaya ne tak a duniya da zan yi maganarsa in rufe fuska in ƙi kiran suna, kuma duk matan da ke wurin sun haihu, sun san ko wane ne. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ja bakin zanena ta ce a hankali:

"Saratu, zauna. Kin riga kin faɗa."

Matar fasto tana cikinmu. Kada ku riƙe ta a zuciya. Mijinta ya ba mutum wa'azin Ista, ta ji abin da ta ji, ina za ta kai shi? Ni ma da haka zan yi.

Lahadin da ta biyo, bayan sujada, aka ce dattawa suna son ganinmu ni da shi. Saura mako biyu Ista. Su biyar ne da fasto, a ɗan ɗakin da ake ajiye ganguna. Ba wanda ya ɗaga murya. Duk abokan babanku ne, wasunsu tare aka yi musu baftisma a rafi ɗaya. Fasto ya ce magana ta iso kunnensa, yana so ya ji daga tushe kafin ta yi reshe. Ni aka fara tambaya. Kafin in buɗe baki, Baba Tanko, wanda ya fi kowa tsufa a cikinsu, ya gyara zama ya ce:

"Saratu, a bakin kanal aka yi maganar, ko? Wurin nan da ƙarar injin ban ruwa. Mutum yakan ji rabi ya rasa rabi. Yaran makaranta kuma sukan kawo maganar wasu don misali, mai ji ya ɗauka tasu ce. Wataƙila haka aka yi?"

Na gane abin da yake yi. Ƙofa ya buɗe mini. Da na ce wataƙila, da an yi addu'a an watse, kowa ya tafi da mutuncinsa. Na ɗaga kai, karo na farko na dubi yayanku ido cikin ido. Bai roƙe ni da ido ba. Kallona kawai yake yi.

Na ce, "Babu inji a kusa, Baba. Na ji daidai."

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa na faɗi haka ne don ban taɓa yin ƙarya a cikin ɗakin sujada ba. Gaskiya ne. Na kuma ce a raina in an fito da ciwo fili dattawa za su yi masa magani, kamar yadda ake matse ƙurji. Wannan ma gaskiya ne. Amma akwai na uku, shi ne dalilin da ya sa nake yage takarda. Ina fushi da shi. Ji nake ya ƙwace mini babanku karo na biyu, ya kuma hana a fitar da shi daga ruwa. Ina so wani ya ce masa ya yi kuskure, a gabana, da babbar murya, don in sami abin kamawa. Ban kai ƙararsa ba, amma da aka ba ni hanyar rufa masa asiri na ƙi bi. Ku riƙe wannan daidai, kada ku ƙara, kada ku rage.

Da aka juya kansa bai ɓoye komai ba. Ya maimaita musu yadda ya faɗa mini, har ya fi tausasawa. Fasto ya buɗe Littafi ya karanta masa wurin da aka taɓa tabon ƙusa a jikin Yesu bayan tashinsa, da wurin da ya ci gasasshen kifi. Yayanku ya ce ya san wuraren, ya haddace su, kuma yana fatan wata rana su zauna masa kamar yadda suka zauna wa ubansa. Fasto ya tambaye shi ko zai iya tsayawa ranar Ista ya ce wa jama'a kabarin wayam yake. Ya ce zai iya cewa Yesu yana da rai, da dukan zuciyarsa. Ɗayan kuma ba zai faɗi abin da bai tabbatar ba a kan bagade. Baba Tanko ya share ido da hularsa. Hukuncin ba mai tsanani ba ne: wata shida ba wa'azi, ba cin jibin Ubangiji tare da jama'a, zai zauna a bencin baya, fasto kuma zai riƙa karatu da shi kowane mako.

Bencin baya kuwa kun san su wa ke zama a kai. Wanda ya koma giya, da wanda ya ƙara mata. Ranar Ista na shiga da ankon zumunta, na hange shi can tsakanin mutum biyu irin waɗannan, da farar rigar da ya ɗinka don wa'azi. Ya zauna har aka tashi. Ya yi waƙa tare da kowa, ina jiyo muryarsa daga baya, muryar babanku sak. Ban waiwaya ba ko sau ɗaya.

Ranar Laraba da safe ina bakin murhu, na ɗora durom ɗin shinkafa, sai na ji takunsa a bayana. Ya ce ya sami motar tumatir mai zuwa Ikko, wani abokinsa ya ce akwai aikin koyarwa a can. Ya durƙusa ya ce ya zo sallama. Hayaƙi yana shiga idona, na gode wa Allah da hayaƙin. Abin da ke bakina yana da yawa. Ina so in ce ban yi nufi ba. Ina so in ce wata shida ba shekara ba ce. Abin da ya fito shi ne:

"Allah ya kiyaye hanya, Malam."

Na ci gaba da tura itace. Ya ɗan jira, sannan ya tashi. Na ƙulla shinkafa mudu uku da daddawa na ba Rifkatu ta bi shi bakin titi. Ita ce ta dawo tana kuka, ta ce ya ce mata, mutum ɗaya ya faɗa wa, kuma mutum ɗayan ya isa. Daga nan maganar da kuke yi ta samo asali.

Kabarin kuma yana nan cikin ruwa. Babban ɗa bai ce a tone ba, ba mai tonewa. Iliya bai isa ba, dattawa suka ce ba za su tsallake magaji ba ko yana Ikko. Na je wurin kawunku Sale, na same shi yana ɗaure albasa. Na zayyana masa komai, ina tsammanin zai ce ai ga irinta nan, tun da can shi ya faɗa. Bai ce ba. Ya ce shi ba zai sa hannu a tone mamaci ba, amma zai zo. Washegari ya zo da amalanke biyu na jar ƙasa da 'ya'yansa. Suka yi kwana uku suna kai da komo, suka tayar da wurin ya yi tudu, suka kewaye shi da duwatsu, suka yanka 'yar hanya ruwan ya riƙa zagayewa. Da suka gama muka zauna gindin tsamiyar, ya wanke ƙafafunsa ya ce:

"Yaya, ƙasan dai da damshi, ba zan ruɗe ki ba. Amma wanda ya yi shi tun babu shi, ruwan kanal ne zai gagare shi tattarawa? Mu ma da tashin jiki muka yarda. A nan ni da ke layinmu ɗaya."

Na ce na ji. Yana wasa da ɓawon tsamiya, sai ya ƙara:

"Ni da mijinki shekara nawa muna gardama a kan gicciyen nan? Ni cewa nake ma ba a yi ba sam. Ya taɓa janye mini kwano?"

Daga nan muka tashi. Amma maganar nan ta bi ni gida, ta zauna tare da ni har yau. Ƙanena da ya musanta abin gaba ɗaya yana da tabarma a gidana. Ɗana da ya yarda da kusan duka, ya tsaya a kan abu ɗaya yana cewa bai sani ba, shi ne ya rasa wurin zama. Ban canja abin da na gaskata ba, kada ku ɗauka haka. Har gobe na yarda kabarin wayam yake, kuma zan ga babanku da ƙafafunsa. Sai dai na gane ban buƙaci a kayar da kowa ba kafin in riƙe wannan.

Shekara huɗu ba wasiƙa, sai dai saƙon gaisuwa ta bakin direbobin tumatir, wani lokaci da atamfa. Sannan wayar hannu ta iso garinmu, mijin Rifkatu ya sayi ɗaya, aka nemo lambarsa. Ranar Ista bayan sujada duk aka taru a tsakar gida aka kira shi. Wayar tana zagayawa hannu zuwa hannu, kowa ya karɓa sai ya yi gaisuwar ranar, ya ce Almasihu ya tashi, yana jiran a amsa masa da hakika ya tashi. Ban san abin da yake amsa musu ba. Da aka miƙo mini, gaisuwar tana kan harshena, tun ina amarya nake yin ta. Na haɗiye ta. Na ga in na faɗa na sake tsayar da shi a ɗakin ganguna, ko ya faɗi abin da bai tabbatar ba don ya faranta mini, ko ya yi shiru a gaban ƙannensa.

Na ce, "Malam, ka ci abinci?"

Na ji numfashinsa, da ƙarar motoci a bayansa. Ya ce ya ci. Na tambaye shi ko ana samun dawa a can, ya ce sai an nema. Sai ya ce:

"Inna, wurin Baba fa?"

"Kawunka ya tayar da shi. Yana nan inda ya zaɓa."

"Ba a ɗauke shi ba?"

"Ba ka ce a ɗauke ba."

Sannan ya ce in Allah ya yarda zai zo ya gani. Ya fara wata magana, na ji ya ce "ranar nan a bakin kanal", sai kuɗin katin ya ƙare. An sake kira daga baya, an sha kira, amma kullum da mutane a kaina, shi ma da mutane a kansa, maganar ba ta ƙara komawa can ba. Ya yi aure, ya haifi 'ya'yan da na sani a hoto. Rifkatu ta ce yana zuwa sujada a can, yana zama a baya da son ransa. Zuwan da ya ce zai yi har yanzu yana hanya.

Ga abin da nake roƙonku. Ku kwafe wannan babin ku aika masa yadda yake, kada wanda ya gyara mini shi don ya yi daɗi. Abin da bakina ya kasa faɗa masa, hannuna ya faɗa. In ya zo ina da rai, na gode Allah, kuma wannan karon zan juyo daga murhu. In ya zo bayana, to ku sani na riga na gaya wa fasto a kufai nake so a sa ni, da damshin da komai. Ranar da ya sauka kada wani ya tare shi da tambayar me ya gaskata, ko fasto ko ku. Ku ba shi ruwa, ku zuba masa tuwo, ku bar shi ya huta. In ya ce zai je wurinmu, wani ya raka shi, domin tsohuwar hanyar da ya sani shinkafa ta cinye ta. Yanzu ta kan gadar kanal ake bi, a karya hagu wurin gonar albasar kawunku. Ku kai shi har inda zai hango tsamiyar, daga nan ku juyo ku bar shi ya ƙarasa shi kaɗai.